Neman littafin da zai bayyana mini ƙarfin jan da ke riƙe da watannin Mushtari

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana ilimin falaki a kan wata matsala da ta tsaya mini a rai. Da ƙaramin madubin hangen nesa nakan ga manyan watannin Mushtari (wato duniyar Jupiter) guda huɗu, waɗanda Galileo ya hango a shekarar 1610, jere a layi ɗaya kusa da shi, kuma kowane dare sukan sauya wuri. Na san cewa a cikin watannin nan huɗu, Io, wanda ya fi kusa da Mushtari, yana gama zagayensa cikin ƙasa da kwana 2, alhali Callisto yana ɗaukar kusan kwana 17.

An ce idan mutum ya san nisan wata daga duniyar da yake zagayawa da tsawon lokacin zagayensa, zai iya lissafa nauyin wannan duniyar ta hanyar haɗa doka ta uku ta Kepler (wadda ke danganta nisan da tsawon lokacin zagayen) da dokar ƙarfin ja da Newton ya wallafa a 1687. A nan ne na cije. Littattafan da suka zo hannuna, wasu hotuna ne masu kyau ba lissafi, wasu kuma tun shafin farko suke shiga lissafin jami'a mai zurfi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda zan mayar da ɗan tazarar da nake gani a madubi zuwa kilomita.

Don Allah, akwai littafin da ke bin wannan mataki-mataki da lissafin sakandare kawai, wanda kuma yake koyar da yadda ake rubuta abin da aka gani kowane dare? Na Turanci ko na Larabci duk zan iya karantawa.