Na haɗa toka da toka, sai ga baƙaƙe da farare: an cuce ni ne?

Sabuwar Mai Kiwo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena masu kiwo. Shawara nake nema. Ina da zakara ɗaya da kaji mata irin Orpington, dukkansu launin toka mai shuɗi-shuɗi, wanda a takardar da aka haɗo ni da ita aka rubuta musu "blue". Na ware su a akurkinsu su kaɗai saboda burina in fitar da zuri'a mai launi ɗaya tak. Da aka ƙyanƙyashe, kusan rabin 'yan tsakin ne kawai suka ɗauko launin iyayen. Sauran wasu baƙaƙe ƙirin, wasu kuma farare-farare, kuma yanzu da gashi ya fara fito musu sai ga ɗige-ɗigen toka da baƙi nan da can a jikinsu.

Shin wanda ya sayar mini gauraye ya ba ni? In rabu da baƙaƙen da fararen in bar masu tokar? Wata ƙawata ta ce in daina wahalar da kaina, in nemi masu launin "lavender", wai su ba sa canzawa. Ni a hoto ban ga bambancinsu da nawa ba. Sannan waɗannan fararen masu ɗigo, in zan rubuta su a littafin kiwona, wane suna zan ba su?

Ɗan Akurki:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kafin ki zargi mai sayarwa, kin tabbata wani zakaran bai taɓa su ba? Kaza tana ajiye maniyyin zakara a jikinta mako biyu, wani lokaci har ya kai uku. In ba ki daɗe da ware su ba kika fara tara ƙwai, to wataƙila 'ya'yan tsohon zakara ne suka fito miki.

Sabuwar Mai Kiwo:
Yaya, sun fi wata guda a ware kafin in ɗauki ƙwai ko ɗaya. Akurkin kuma a rufe yake ta ko'ina.

Baba Mai Kaji:
'Yata, kwantar da hankalinki. Ba wanda ya cuce ki, kuma ba wani zakara da ya tsallako. Abin da kika lissafo ɗin nan shi ne ma shaidar kajinki na gaske ne. Haka wannan launin yake tun fil'azal: toka da toka ba sa haifar toka zalla, ko ki shekara goma kina tsince baƙaƙe da fararen kina fitarwa, badi ma sai sun dawo.

Kada ki kuskura ki rabu da su, su ne jarinki. Ɗauki baƙin zakara ki haɗa shi da farar kazar nan mai ɗigo, ko ki juya, farin zakara mai ɗigo da baƙar kaza, duk ɗan tsakon da ya fito toka zai zama, ba ko ɗaya da zai kauce. Masu kiwo suna kiran farar mai ɗigon nan "splash", shi za ki rubuta. Toka da baƙi kuma suna ba da rabi toka rabi baƙi. Toka da splash, rabi toka rabi splash. Splash da splash, splash ne kawai. Dalilin abin kuwa na bar wa masu ilimin boko, ni aikin na sani.

Malamar Kimiyya:
Baba ya gama magana, ni dalilin kawai zan ɗora. Ƙanwata, duk launukan da kike gani a gashin kaji daga rini iri biyu suke fitowa, baƙi da ja. Jan nan shi ne yake komawa ruwan zinare ko ruwan ƙasa. Sauran aikin na ƙwayoyin gado ne, waɗanda suke cewa ga inda baƙi zai zauna, ga inda ja zai zauna, ga wanda za a sirka, ga wanda za a rufe gaba ɗaya. Kowane ɗan tsako yana karɓar ƙwaya ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa.

Kazarki mai toka a asali baƙar kaza ce, sai dai tana ɗauke da ƙwaya ɗaya mai sirka baƙi. Ƙwaya ɗaya ta mayar da baƙi toka. In suka zama biyu, sirkin ya yi yawa har gashin ya kusa zama fari, sai ɗan abin da ya tsira nan da can, wato splash ke nan. In babu ko ɗaya, kaza ta zauna a baƙarta. Kin ga ke nan mai toka dole tana da ƙwaya ɗaya mai sirki, ɗaya marar sirki, kuma ba ta da ikon zaɓar wadda za ta ba ɗanta. Uba ya ba da ɗaya cikin biyunsa, uwa ta ba da ɗaya cikin biyunta, sai lissafi ya tashi a kashi 25 cikin 100 baƙi, kashi 50 toka, kashi 25 splash. Wannan rabon na kowane ƙwai ne shi kaɗai, don haka a ƙyanƙyasa ƙarama kina iya ganin baƙaƙe sun fi yawa ko ma babu splash ko ɗaya. Sai 'yan tsaki sun yi yawa lissafin yake daidaita.

Matsalarki tsohuwa ce ƙwarai. Masu kiwon kazar Andalusiya, wadda asalinta daga Sifen ne, sun daɗe suna fama da ita, suna zaton jinin kajinsu ne bai tsarkaka ba. William Bateson da Reginald Punnett na Jami'ar Kambirij a Ingila ne suka bi diddigin abin a farkon ƙarni na 20, bayan an sake gano aikin Gregor Mendel, wanda ya fara gano dokokin gado, a 1900. Jadawalin nan mai gida huɗu da ake zana wa ɗalibai a darasin gado sunan Punnett ɗin yake ɗauke da shi, kuma har yau kazar Andalusiya ce misalin da littattafai da yawa suke kawowa.

Game da lavender, ƙawarki ta faɗi gaskiya, amma rabinta. Ƙwayarsa daban ce, kuma mai ɓuya ce: ba ta bayyana sai ɗan tsako ya samu biyu, daga uba da uwa. Shi ya sa lavender da lavender suke ba da lavender zalla. In kika haɗa shi da baƙi, duk 'ya'yan baƙaƙe za su fito, suna ɗauke da ita a ɓoye, sai an haɗa su da juna ta sake fitowa a jikoki, ɗaya cikin huɗu.

Hajiya Mai Ƙyanƙyasa:
Malama, bari in sa baki a kan lavender ɗin nan, don na ga ana yawan zuga sababbin masu kiwo a kansa. Gaskiya ne ba ya rarrabuwa, amma yana zuwa da nasa ciwon kan. Gashinsa yakan yi rauni, musamman na wutsiya da fiffike, sai ki ga ya tsattsage ya yi buzu-buzu. Masu kiwonsa da gaske lokaci-lokaci sai sun koma sun haɗa da baƙi mai kyawun gashi, su jira jikoki. To ina sauƙin yake?

Ƙanwata, bambancin da kika ce ba ki gani a hoto ba, a ido yana fitowa. Duba zakaranki. Gashin wuyansa da na gadon bayansa sun fi na ƙirjinsa duhu, wataƙila ma sun kusa baƙi, kuma in kika ɗaga gashin ƙirjin kazar sau da yawa za ki ga bakin kowane gashi ya fi tsakiyarsa duhu. Wannan blue ne. Lavender kuwa launi ɗaya ne shimfiɗe daga kai har wutsiya, ya fi haske. Sannan ƙwayar blue baƙi kawai take sirkawa, ta bar ja yadda yake, ita kuwa ta lavender har jan take kashe wa kaifi. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki haɗa su biyun a akurki ɗaya. Bayan zuri'a biyu ko uku ba za ki iya cewa wannan tokar ta wace ƙwaya ce ba, kuma duk wanda ya karɓi ƙwai daga hannunki ya gaji ruɗanin.

Ɗan Akurki:
Na janye maganar wani zakaran. Amma Hajiya, ni sunayen nan ne suke ɗaure mini kai. Na ga wata kaza an rubuta mata "self blue", na ɗauka irin ta 'yar'uwarmu ce.

Hajiya Mai Ƙyanƙyasa:
Ai nan ne tarkon yake, ɗan'uwa. "Self blue" lavender ne, haka masu baje kolin kaji a Amurka suke kiransa. Sunayen nan ba masana gado ne suka raɗa su ba, masu kai kaji gasa ne, kuma yawancinsu sun girmi ilimin. Ƙungiyar masu kiwon kaji ta Amurka an kafa ta a 1873, ta fitar da littafinta na siffofin kaji a 1874, fiye da shekara ashirin kafin duniya ta waiwayi Mendel. Abin da ido ya gani suka sa wa suna, kowane rukunin masu kiwo da nasa.

Shi ya sa zane ɗaya yake da suna biyu ko uku. Farar kaza mai baƙin zane a wuya da baƙar wutsiya, in irin Sussex ce ko Brahma sai a ce "light", in Wyandotte ce a ce "Columbian", sunan da aka aro daga babban baje kolin duniya da aka yi a Chicago a 1893. Kaza mai ratsin baƙi da fari, a Plymouth Rock "barred" ce, a Marans "cuckoo", alhali ƙwayar ratsin ɗaya ce. Bambancin kawai shi ne ta farkon, gashinta a hankali yake fitowa, sai ratsin ya fita tsaf, ta biyun kuma nata ya ɗan dusashe. Wani lokaci kuma akasin haka ne, suna ɗaya launi biyu: "partridge" a Wyandotte kaza ce mai siririn zane a kowane gashi, a kajin Old English Game kuma wani launi ne daban. Ni dai in zan sayi kaza ba na tsayawa a kan suna, sai na tambayi launin uwa da uba, in da hali har kakanni.

Ɗan Akurki:
Tunda an ambaci mai ratsi, Malama ki taimaka. Kazata mai ratsi da baƙin zakara, duk zakarun da suka haifa masu ratsi ne, matan kuma baƙaƙe. Shi ma lissafin ɗaya cikin huɗun ne?

Malamar Kimiyya:
A'a, wannan wata hanya ce daban. A kaji zakara ne yake da sandar gado mai raba namiji da mace iri ɗaya guda biyu, ZZ, kaza kuma ZW, akasin yadda yake a mutane. Ƙwayar ratsi a kan Z take zaune. Uwa tana ba 'ya'yanta maza Z ɗinta, matan kuma W take ba su, don haka ratsinta maza kaɗai ke gadonsa. Tun ranar ƙyanƙyasa za ka gane su, mazan suna da farin tabo a ka. Punnett ɗin da na ambata da abokin aikinsa Michael Pease sun yi amfani da wannan ƙwayar wajen ƙirƙiro irin kaji da ake gane mace da namiji tun suna 'yan tsaki, irin su Cambar da Legbar. Ita ƙwayar blue ba ta kan Z, shi ya sa Baba ya ce ko ta wane ɓangare aka haɗa duk ɗaya ne.

Sabuwar Mai Kiwo:
Allah ya saka da alheri, hankalina ya kwanta. Zan bar lavender tukuna. Abu biyu suka rage mini. Baƙaƙen nan, suna ɓoye da tokar ne a jikinsu kamar yadda aka ce na lavender suna yi? Kuma in wani ya zo neman farar Orpington, zan iya ba shi splash ɗin da ya fi haske?

Malamar Kimiyya:
Ba su ɓoye komai ba. Ƙwayar blue ba ta iya ɓuya, in tana nan sai an gan ta. Baƙin da ya fito daga toka da toka baƙi ne cikakke, in kika haɗa shi da wani baƙin ba za ki ga toka ba.

Na biyun kuma kada ki yi. Farar kaza ta gaske wata ƙwaya ce take rufe launinta, kuma iri biyu ce: akwai mai rinjaye irin ta farar Leghorn, wadda ɗaya ma ta isa ta rufe baƙi, akwai mai ɓuya irin ta farar Silkie, wadda sai biyu sun haɗu. Splash ba ta da ko ɗaya cikinsu. Wanda ya karɓe ta a matsayin fara ya haɗa da baƙi, toka zai gani, ya dawo yana yi miki irin tambayar da kika zo da ita yau.

Baba Mai Kaji:
Saura abu ɗaya, 'yata. Baƙaƙenki da splash ɗinki uba ɗaya suka haɗa, wasu ma uwa ɗaya. Haɗa su sau ɗaya ba zai kashe ki ba, amma in aka yi ta maimaitawa za ki ga ƙyanƙyasa ta ragu, 'yan tsaki sun rage kuzari. Gara ki riƙe sagarun splash ɗin, ki nemo baƙin zakaran Orpington daga wani gidan kiwon daban. Ki duba wuyansa da kafaɗarsa da kyau a cikin rana, in akwai jan gashi ko ruwan zinare da ya ɓullo, ki bar shi, don tokar ba za ta rufe jan ba, zai iya fitowa a 'ya'yansa maza.

Kuma kada ki yanke hukunci a kan masu tokar yanzu. Wata tokar tana da duhu har ki ɗauka baƙi ce, wata kuma ta yi fayau. Sa musu zobe a ƙafa, ki rubuta uwar kowanne, ki jira gashin girma ya gama fitowa kafin ki zaɓi waɗanda za ki bari.