Sensar baƙin mai za ta iya nuna lokacin juye a janareton gas?

Mai_Janareto: Assalamu alaikum masana. Littafin janareton gas, wato dizal, ya ce a yi juyen baƙin mai duk bayan awa 250. Yanzu ana tallan wata sensa da ake ɗaurawa ta riƙa duba lafiyar baƙin mai injin na aiki. Me take aunawa, kuma za a iya dogara da ita a jinkirta juye?

Injiniya_K: Wa alaikumus salam. Yawancinsu ƙarfe biyu ne da mai ke ratsawa tsakaninsu, na'urar tana auna yadda man ke riƙe cajin lantarki. A wannan ma'aunin sabon baƙin mai yana tsakanin 2.1 da 2.4, ruwa kuwa kusan 80. Shi ya sa ruwan lagireto na shiga ta gaskit, lambar take tsalle. Tsamin da zafi da iska ke jawo wa mai, da kunkunniyar da ke ratsa ringin fistin ta sauka cikin kasko, wato mazaunin mai a ƙasan injin, a hankali suke ɗaga ta. Don haka saurin hawan ake dubawa, ba lambar rana ɗaya ba.

Ka ɗaura ta inda mai ke gudana. Ƙasan kasko laka ke kwanciya ta lulluɓe ta, kumfa kuma tana sa ta karanta ƙasa da gaskiya. Bayan juye ka bar injin ya yi zafi tukuna, sannan ka saita ma'aunin farko. In ka canza samfurin mai sai ka sake saitawa, domin sinadaran da kamfanoni ke zubawa ba ɗaya ba ne.

Bakanike_Dizal: Injiniya ya yi bayani, amma akwai haɗarin da ya kamata Malam ya sani. Man gas lambarsa kusan ɗaya da ta baƙin mai. In nozul mai fesa gas cikin silinda yana ɗiga, ko janareton ya daɗe yana aiki da lodi ƙasa da kashi 30 cikin ɗari, gas ɗin da bai ƙone ba zai wanke silinda ya gangara cikin mai. Sensar ba za ta gani ba, har ma gas ɗin yakan danne hawan lambar da tsufan mai ya kawo, allon yana cewa lafiya lau alhali man ya tsinke, metal, wato ƙarafan da sandar injin ke juyawa a kansu, na cin wuya. Mai 15W-40 kaurinsa a zafin digiri 100 na Celsius ya kamata ya tsaya tsakanin 12.5 da 16.3 cSt, wato ma'aunin kaurin mai. Saboda haka nemi wadda ke auna kauri ma, irin mai ɗan cokali mai yatsu na dutsen kwaz (quartz) da ke rawa cikin mai, kamar FPS2800 ta TE Connectivity. In man yana ƙaruwa a sandar awo ba wanda ya zuba, kuma yana warin gas, kashe injin.

Malama_Lab: Ƙura ma sensar ba ta ganinta sosai, ga shi lokacin hunturu ita ce ke cinye ringi da silinda in filtar iska ta yage. Wannan sai ɗakin gwaji, inda ake auna silikon (alamar ƙura) da ƙarfe (alamar cin injin) da TBN, wato ƙarfin da ya rage wa mai na kashe asid ɗin da farar wutar gas ke haifarwa. In ya sauka rabin na sabo, a juye.

Ɗan'uwa, ga yadda za ka bi. A juye biyu ko uku na farko ka tsaya a awa 250, ka ɗebi mililita 100 a kwalba mai tsabta man na da zafi, daga tsakiyar zubarsa, ka rubuta abin da sensar ta nuna a lokacin, ka kai kwalbar ɗakin gwaji. In sakamakon ya yi kyau, ƙara awa 50 ka sake gwadawa. In kana zargin ruwa, ɗiga man a kan farantin da zafinsa ya kai digiri 160 na Celsius. In ya yi ƙara kamar ana suya, akwai ruwa. Idan kuma garanti bai ƙare ba, kada ka wuce abin da littafin ya ce.