Baƙi ne ko 'yan kama-wuri-zauna? Rigimar da littafin mai gidan haya ya tayar

Ɗan Ƙanƙara: Salamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ni, yau sai na amayar da abin da ke cikina. Tsohuwar da nake haya a gidanta nan Peterborough ta ƙasar Kanada ta kira ni shan shayi jiya. Wata takwas ina ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai taga kamar faifai, ban taɓa taka falonta ba sai jiya. Ina zama ta ɗauko wani littafi mai kauri na tarihin gidansu, wanda danginta suka haɗa don bikin cika shekara 200 da zuwansu Kanada. Ga sunan kakansu na farko, ga jirgin ruwan da ya kwaso su daga Cork ta ƙasar Ailan a 1825, ga lambar gonar da aka yanka masa a Douro kusa da nan, ga hoton kabarinsa duk gansakuka ta cinye rubutun. Har da ƙwallarta. Wai su ma baƙi ne kamar ni, hannu rabbana suka zo. Da zan tashi sai ta miƙo min takarda, ashe ƙarin kuɗin haya ne.

To ni dai na karanta shafin da idona. Gwamnatin Birtaniya ce ta biya musu kuɗin jirgi. Aka ba iyali eka ɗari, da saniya, da gatari, da zarto, da fartanya, da tukunya, da irin dankali da na masara, sannan abincin wata goma sha takwas. Ni kuwa gonar babanmu aka sayar aka biya min makaranta, ko allura ba wanda ya ba ni, kuma mu ɗalibai ake cewa mun cinye gidajen gari. Don Allah me ya sa jikokin 'yan kama-wuri-zauna da aka ba komai a bagas suke ganin mu ne matsala?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Sannu ɗana, Allah ya hore abin biya. Nawa ta ƙara?

Malam Ticha: Ƙanena, ina tare da kai a maganar haya, amma ka janye kalmar nan ta 'yan kama-wuri-zauna. Ta yi nauyi. Mutanen da Peter Robinson, jami'in da gwamnatin Birtaniya ta ɗora wa aikin, ya kwaso su 2,024 ne a jirage tara, talakawa ne futuk, yawancinsu Katolika daga arewacin Cork, wajejen Fermoy da Mallow. A ƙasarsu ba su da ko taki ɗaya na kansu. Gonar haya suke nomawa, su biya mai ƙasa, sannan su biya ushirin cocin Furotesta da ba nasu ba, in sun gaza a fitar da su a rushe bukkar. Wanda aka yi wa haka shi za ka haɗa da mai zuwa da bindiga?

Kwamared: Allah ya gafarta Malam, kada ka sa ya janye komai. Kalmar ta zauna daram. Sun zo? Sun zo. Sun kama wuri? Sun kama. Sun zauna? Ga jikarsu nan tana karɓar haya bayan shekara 200. To wane ɓangare na kalmar ne ƙarya?

Baban Biyu: Kwamared ya zo, yau ba barci.

Malam Ticha: Ba a fassara kalma da yanka ta gunduwa-gunduwa, Kwamared. In haka ne kowa ɗan kama-wuri-zauna ne, har kai da kakanka ya zo birni da jaki. Abin da muke nufi da ita a Hausar yau shi ne wanda ya zo ya ture mai wuri da gangan. Waɗannan kuwa kwaso su aka yi. Tun 1821 manoman kudancin Ailan ke tayar da ƙayar baya, suna ƙona gidajen masu ƙasa da sunan wani Kyaftin Rock, mutumin da babu shi. Wilmot-Horton na ofishin kula da ƙasashen mallaka a Landan ya ga gara a rage su a kai Kanada. An fara gwaji da mutum 568 a 1823, sannan babban kwasa a 1825. Rage mugun iri gwamnati ta yi, ba alheri ba.

Kwamared: Kakana ya zo da jaki amma bai tarar an kori kowa dominsa ba. Kuma a daina ambaton kakana a nan.

Anti Likita: Ni dai abin da na sani, 'yan Ailan ba irin sauran Turawa ba ne. Sistocin St. Louis da suka zo Kano a 1948 daga can suke. Su suka koyar da yayyenmu mata, ba su ƙwaci gonar kowa ba. Mutanen da su ma Ingila ta murƙushe shekaru aru-aru, sun san ciwon abin.

Kwamared: Anti, da girmanki, me ya haɗa sistoci da gonar Douro? In lissafin mutum ɗaiɗai za mu yi, wanda ke gwamnan Punjab ta Indiya lokacin da sojojin Birtaniya suka yi kisan gilla a Amritsar a 1919 sunansa Michael O'Dwyer, ɗan Ailan ne, Katolika ne daga Tipperary. Shi ma ya san ciwon abin ko? Kuma daga 1801 har zuwa 1922 Ailan na cikin Birtaniya, 'ya'yanta sun cika rundunar da aka riƙa cin ƙasashen mutane da ita. Yunwar dankali ta koro su, mun ji, Allah sarki. Amma mai jin yunwa in ya ci tuwon wani, tuwon ya dawo?

Malam Ticha: Ka ga irinta. Yunwar dankali a 1845 ta fara, shekara ashirin bayan waɗannan sun tafi. Waɗanda ta koro su ne na 1847, da zazzaɓi ya kashe dubbansu a tsibirin Grosse Île kusa da Quebec, kuma su ba wanda ya tarbe su da saniya. Ka haɗa ayari biyu ka mai da su ɗaya. Ka fara sanin shekarun kafin ka yanke hukunci.

Kwamared: Shekara ashirin ba ta canza mai ƙasar ba.

Ɗan Filato: Tunda an zo maganar dankali, shin daga can aka kawo mana Airish ɗin da muke nomawa a Bokkos da Mangu?

Baban Biyu: Sunan ne kawai. Asalin dankalin Turawa daga tsaunukan Kudancin Amurka yake, wajejen Peru. Su ma 'yan Ailan aro suka yi.

Ɗan Filato: To ai shi ne babban ɗan kama-wuri-zauna kenan. Buhu nawa yake yanzu a wajenku? Nan ya fara sauka.

Hajiya Babba: Ka ajiye min biyu, amma ba irin na bara ba da rabinsa ya ruɓe kafin ya iso.

Ɗan Filato: Haba Hajiya, direba ne ya kwana uku a hanya, ni me nawa?

Hajiya Babba: Kai ka zaɓo direban.

Ɗan Ƙanƙara: Jama'a maganar haya fa nake yi.

Kwamared: Muna zuwa, ƙanena. Malam, tambaya ɗaya, kada ka kewaye. Eka ɗarin nan, daga aljihun Sarkin Ingila ta fito? Wurin da ake kira Peterborough yana da suna tun kafin a laƙaba masa na Peter Robinson. Masu wurin, Michi Saagiig na al'ummar Anishinaabe, Nogojiwanong suke ce masa. A watan Nuwamba na 1818 aka sa shugabanninsu suka sa hannu a takardar da ake kira Yarjejeniya ta 20, kusan eka miliyan biyu ta tafi, a madadin kayan da za a riƙa ba su shekara-shekara. Shekara bakwai bayan haka sai ga jirage tara. Yau jikokinsu na Curve Lake da Hiawatha a 'yan filaye, jikar wanda jirgi ya kawo tana ba da haya. Ɗan Ƙanƙara, a littafin nan mai kauri, shafi nawa aka ba su?

Ɗan Ƙanƙara: Gaskiya ban karanta duka ba. A inda na buɗa ban gani ba.

Kwamared: Kun ji ko.

Malam Ticha: Ya ce bai karanta duka ba, kai kuma ka ce kun ji. Ban musa yarjejeniyar 1818 ba, kuma ban ce an yi adalci ba. Ita kanta gwamnatin Kanada da ta lardin Ontario sun nemi gafara a 2018, suka biya dala biliyan 1.11 ga al'ummomi bakwai kan yarjejeniyoyin Williams na 1923 da haƙƙin farauta da kamun kifi da aka danne musu. Ka lura wa ya biya: gwamnati. Ita ta rubuta takarda, ita ta auna fili, ita ta raba. Manomin da bai iya rubuta sunansa ba, wanda ya kwana a tanti a Kingston zazzaɓi na kwasar masa 'ya'ya, aka tura shi ta Cobourg ya haye tafkin Rice a kwalekwale ya tarar da dajin da rana ba ta ratsa shi, gatari ɗaya a hannu ga sanyi na tafe, shi ne za ka ɗora wa? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kwamared: Kurar nan dai ita ta gaji gonar, Malam.

Anti Likita: To ku ce musu 'yan gudun hijira mana a huta.

Baban Biyu: Ɗan gudun hijira yana sa ran komawa, Anti. Su ko 'yan ci-rani ba za a ce musu ba, ranin shekara 200?

Hajiya Babba: Mu dai da muka tashi an ce baƙo raɓa ne. Wanda ya binne kakanni shida a wuri ya wuce raɓa.

Ɗan Filato: Hajiya ki yi a hankali da wannan. Mu nan an binne mana kakanni, har gobe in ka je neman takardar shaidar ɗan ƙasa sai a tuna maka kai baƙo ne. Shi ya sa kalmar nan ta Kwamared ba ta yi min daɗi. Na san yadda take a kunne in kai ake jifa da ita.

Kwamared: Kada ka haɗa. Ku ba gwamnatin mallaka ce ta yanka muku gonar wani ta haɗa muku da saniya ba.

Ɗan Filato: Je ka faɗa wa masu cewa Bature ne ya kawo mu haƙar kuza.

Baban Biyu: Admin, a rufe wannan kafin ta zama wata.

Malam Ticha: Ni na yi shiru. Wanda bai bambance 1825 da 1845 ba ba zan kwana ina ja da shi ba.

Kwamared: Shekarunka na koyarwa ba su sa ka amsa tambayata ba. Gonar wa?

Malam Ticha: Na amsa. Ka koma sama.

Ɗan Ƙanƙara: Wani ya san ko doka ta yarda ta ƙara min haya ban cika shekara ba?

Kwamared: To jama'a, tunda Admin na wajen ɗaurin aure, ni mataimakinsa zan rufe, ga taƙaitawa ga waɗanda ba su bi ba. Ɗan'uwanmu na Kanada ya kawo hujja daga littafin mutanen da kansu cewa an ba su ƙasa da saniya kyauta. An tabbatar ƙasar ta Michi Saagiig ce, kuma ya shaida cewa littafin bai ambace su ba. Malam Ticha, da muke girmamawa, ya amince ba a yi adalci ba, har ya kawo adadin diyyar da kansa, sai dai ya tsaya gyaran shekaru. Anti ta kawo labarin makaranta wanda ba ya cikin maudu'i. Mafi rinjaye sun gamsu kalmar 'yan kama-wuri-zauna ta dace. Masu cinikin dankali su koma gefe. An rufe.

Malam Ticha: Wane rinjaye? Kai kaɗai ne fa.

Hajiya Babba: Ɗana har yanzu ba ka faɗa min nawa ta ƙara ba.