"Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci": a bakin wa maganar ta dace?

Ɗan Bilbis:
Salamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun shekaranjiya na ce bari in kawo ku taya ni. Ina tsaye bakin butik ɗin wani Alhaji nan Tawa ina jiran canjina, sai ga wata mata da goyo, mijinta ya tahi kurmi shekara biyu ke nan ba waya ba aike, ta roƙe shi tiya biyu ta hatsi bashi zuwa kasuwar Lahadi. Alhaji ko kai bai ɗaga ba daga tazbaharshi ya ce ki yi haƙuri baiwar Allah, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Ta ce haka ne Alhaji, ta gyara goyonta ta juya. To ni wagga magana ga kakata na gaje ta, shekarar El Buhari, 1984, da Najeriya ta ruhe iyaka ga kuma fari, anza muke ci wadda anka jiƙa kwana da kwanaki don ɗacinta ya hita, in mun yi kuka ita ke faɗa muna haka, kuma wallahi sai mu yi barci. Mi ya sa a bakinta maganar ke da sanyi, a bakin Alhaji kuma kamar mari? Ai kalma ko guda bai canza ba.

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Kakarka da ku take cikin tukunya guda, Alhaji kuwa makullin magaza na aljihunshi. Shi ke nan bambancin.

Malam na Lazare:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da farko a sani wannan karin magana ne ba aya ba, amma tushensa na cikin suratu Hudu aya ta 6, cewa babu wata dabba a doron ƙasa face arzikinta na wuyan Allah. To ma'anar daidai take. Inda matsalar take shi ne wurin da aka ajiye ta. Ku duba suratu Yasin aya ta 47, wadda kusan kowa ya haddace, mutanen da aka ce musu ku ciyar daga abin da Allah ya ba ku, sai suka ce yanzu mu za mu ciyar da wanda in Allah ya so da ya ciyar da shi? Su ma fa sunan Allah suka kama, kuma ba ƙarya suka yi ba cewa Allah na da iko, amma Alƙur'ani bai kawo maganar tasu don yabo ba. Ban ce Alhajin nan haka yake ba, Allah ya kiyashe ni, ban san zuciyarsa ba. Amma maganar tasa ta yi kama da tasu ƙwarai.

Mushe Yantala:
Allah gafarta Malam ni dai zan yi tambayar da ake jin tsoron yi, kada a ce na fita musulunci. A 2005 ina karantarwa a wani ƙauye wajen Buza, bayan fara ta 2004 ta cinye gonaki ruwa kuma ya ɗauke da wuri. Na ga mata na tonon gidan tururuwa suna neman tsabar da ta tara. Kuɗin buhun hatsi ya ninka, shugaban ƙasa na lokacin Tanja yana cewa ba yunwa ba ce. Yara nawa tamowa ta kashe a shekarar nan? Su ba Allah ne ya tsaga bakinsu ba? In karin maganar gaskiya ne yadda muke faɗarsa to a fahimtar da ni, ni dai tun lokacin in na ji mai ƙoshi ya faɗe shi raina ɓaci yake.

Ba'adare a Abijan:
Mushe a yi hattara dai, harshe shi ke kai mutum.

Malam na Lazare:
A'a ɗan uwa ku bar shi, tambaya ce ta gaskiya. Mushe ka tuna hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta ɗaure ta ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba har ta mutu. Bakin kyanwar nan wa ya tsaga shi? Amma da ta mutu da yunwa ba a ce ƙaddararta ce a wuce wurin ba, an kama wadda ta ɗaure. Karin maganar cewa ya yi Allah ba ya hanawa, bai ce ɗan Adam ba ya tarewa ba. Kuma Allah da kansa ya ce zai jarraba mu da tsoro da yunwa da tauyewar dukiya da rayuka da amfanin gona, Baƙara 155, bai taɓa yi mana alkawarin ba za mu ji yunwa ba. Sayyidina Umar a shekarar yunwar da ake kira shekarar toka, 18 bayan hijira, bai hau mumbari ya ce wa mutane su yi haƙuri kawai ba, rantsuwa ya yi ba zai ci man shanu ba sai mutane sun samu, ya aika wa gwamnoninsa su turo abinci, aka dafa aka raba a Madina.

Mushe Yantala:
Na ji wannan Malam kuma na gode. Amma fari fa? Fari ba Alhaji ne ya ɗaure shi ba.

Inna ta Keita:
Mushe ɗana, ni ce ka ke magana a kai ba ka sani ba. Ɗiyata ce ke rubuta mini. A wagga shekara da ka faɗi na rasa ɗana na huɗu, wata goma sha tara garai, bisa hanya ya cika muna cikin amalanke za mu likita. Ni ban yi lakwal ba ban san amsar tambayarka ba. Abin da na sani, daren nan duk wanda ya zo sai ya ce mini haƙuri, haƙuri, har na ji kalmar ta gundure ni, ina son in yi ihu ana toshe mini baki da ita. Da kowa ya watse na yi alwala na zauna bisa tabarma na faɗa ma Allah duk abin da ke raina, har da wanda ba ni iya faɗa muku nan. Ban ji tsoronshi ba daren nan, na ji kamar shi kaɗai ne bai gaji da ni ba. Ku da kunka yi karatu kuna tambaya mi ya sa, ni ban da hilin wagga tambaya lokacin, ina da uku da ke jiran hura da sahe. Har gobe ina faɗin karin maganar, amma ma kaina nike faɗi, ban taɓa faɗa ma wadda ta zo ƙohwata da ƙwarya ba.

Uwar Biyu:
Allahu akbar. Inna Allah ya sa mai ceto ne. Kin sa ni hawaye.

Mushe Yantala:
Inna ki gafarce ni in na tayar miki da miki. Allah ya jiƙansa.

Alhaji Katako:
Allah ya jiƙan yaro. Amma jama'a ku bari in ce wani abu a madadin 'yan kasuwa tunda an taru an yanke wa mutum hukunci ba ya nan. Ni littafin bashi gare ni uku cike, wasu tun kafin takunkumin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa wa Nijar a 2023 lokacin da shinkafa ta yi tashin gwauron zabi kowa na zuwa da kuka, na bayar, yau in mun haɗu a hanya su ke canza layi. Kun san mutum nawa suka roƙi Alhajin nan kafin matar ta iso? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma wannan tunani na cewa talaka ne kaɗai ya san Allah ni ban yarda da shi ba. Wanda gobara ta taɓa cinye masa shago a dare ɗaya ya san abin da nake faɗi, da safe kai ne Alhaji da yamma kana neman na taksi.

Uwar Biyu:
Alhaji ba wanda ya ce dole ya ba ta. In ba shi da hali ya ce babu, Allah ya hore, ai magana ta ƙare. Abin da ya ƙona mini rai sa ta da ya yi ta ce "haka ne", ya hana ta hatsi kuma ya mai da ita kamar ita ce mai ƙarancin tawakkali. Kuma ku lura mu mata mu ake yi wa wannan wa'azi kullum, miji ya tafi shekara biyu shiru a ce ki yi haƙuri, shi wa ya bi shi can ya ce masa ya ji tsoron Allah?

Ba'adare a Abijan:
Hajiya kin taɓo mu hwa. Ba duka munka manta gida ba, wani kunya ce ke hana shi kira don ba shi da abin aikawa. Ni kafin Abijan Libiya na yi, ta Agadas, kwana biyu motarmu ta lalace cikin Tenere ruwa ya kusa ƙarewa, wallahi addu'ar da na yi wurin nan ban taɓa irinta ba har gaban Ka'aba da na je daga baya. Da na samu aiki a Sabha kuɗi sunka fara shigowa, asuba ma sai rana ta hito. Shi ya sa ni nike ganin Allah guda ne amma cikinmu ne ke canza muna ido, mai yunwa shina ganin mai ji, mai ƙoshi shina ganin mai lissahi wanda ya ba kowa daidai aikinshi, don hakan ne ke yi mashi daɗi.

Malam na Lazare:
Wannan da ka faɗa yana cikin suratul Fajri, aya 15 da 16. Mutum in an yalwata masa ya ce Ubangijina ya girmama ni, in an ƙuntata masa ya ce Ubangijina ya wulaƙanta ni. Dukansu biyu aka ce musu a'a, duka jarrabawa ce. Alhaji Katako a nan kana da gaskiya, talauci ba shaidar waliyyaka ba ne, akwai wanda wuya ke kai shi gidan boka. Amma ku karanta abin da ya biyo bayan a'ar nan, maganar maraya ce da ciyar da miskini. Sannan Inna, abin da kika yi daren nan ba rashin haƙuri ba ne, Annabi Yaƙubu ya yi kuka har idanunsa suka yi fari ya ce ga Allah kaɗai nake kai ƙarar baƙin cikina. Manzon Allah (SAW) ma ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Mu ne muka mayar da haƙuri ya zama yi shiru kada ka dame mu.

Manomin Illela:
Ni ko wagga magana a gona nike auna ta. Babana ya kan ce bakin da Allah ya tsaga, amma da hauya a kahwaɗa yake faɗi. Hwakon da munka gada ko ciyawa ba ta hita, sai da anka koyo tassa ga mutanen Barkina ƙarshen shekarun 1980, ka gina rami ka zuba taki tun da rani ruwan farko ya taru ciki, yau nan muke ɗaure damma. Mutanen Keita ma ku tambayi Inna wa ya ɗauki duwatsun furojen gyaran ƙasa da anka fara 1984, mata ne bisa kai cikin rana. Tsuntsun da ke cikin hadisin tawakkali ai hita yake da sahe ciki wayam, ba a sheƙa abincin ke iske shi ba. Allah ya ce tashi in taimake ka.

Ƙaramin Boukoki:
Baba ai Hausawan nan da suka ce tashi in taimake ka su ne suka ce zafin nema ba ya kawo samu, kuma rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Kakanninmu dai ko ta ina ka biyo sun ajiye maka karin magana, ba a kama su. Ni da digiri na shekara huɗu ina tashi, kabu-kabu nake ja.

Manomin Illela:
To ai ka tashi ke nan ɗana, kuma bakinka bai kwana banza ba ko?

Mushe Yantala:
Baba matar da ake magana a kai ma ai ta tashi, da ƙafarta ta je butik. Ni har yanzu tambayata a kan fari tana nan Malam, ba wai na ƙi abin da ka ce ba, amma ban ji ta kwanta ba tukuna.

Malam na Lazare:
Mushe wannan ba ni da abin da ya wuce abin da mala'iku aka ce musu, ni na san abin da ba ku sani ba. In ka shigo Lazare bayan la'asar ka neme ni mu sha shayi, ba a allon waya ake irin wannan zance ba.

Inna ta Keita:
Ɗan Bilbis kai da ka kawo zancen, ka ce canji kake jira. Nawa ne canjin, kuma da ta juya ina ka bi?

Ɗan Bilbis:
Inna kin kama ni. Jika biyu da 'yan dala ne. Na tsaya ina jin haushin Alhaji har ta sha kwana, na sa kuɗina aljihu na hau babur na zo ina ba matata labari. Sai yanzu da kinka tambaya na ga ban ma san sunanta ba, na dai san wajen Garkawa ta nuhwa. Akwai wanda ke zaune can cikinku? Doguwa ce baƙa, goyon namiji ne.

Uwar Biyu:
Ƙanwar mijina na can. Bari in kira ta bayan magariba in kuran bai ɗauke ba, wayata saura kaɗan ta mutu.