Rubutun silaid ɗina ya hargitse a gaban jama'a, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Malamar Sakandare: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya na gabatar da darasi da PowerPoint a wani taron malamai. A kwamfutata komai tsaf yake, amma da aka sa filas ɗina a kwamfutar da ke haɗe da majigi, sai ƙ da ɗ da ɓ suka fito da wata siffa daban, wasu ma ɗan akwati ne kawai a gurbinsu. Layin ƙarshe na shafi biyu kuma ya zubo ƙasa ya ɓace. Kwana uku na yi ina wannan aiki, wallahi abin ya yi mini ciwo. Don Allah wanda ya taɓa cin karo da haka ya faɗa mana yadda ya yi.

Mai Tsara Takardu: Wa alaikumus salam Malama, sannu. Na sha fama da wannan. Samfurin haruffan da kika zaɓa ne babu shi a waccan kwamfutar, sai ta musanya shi da wanda take da shi. Tunda faɗin haruffan ba ɗaya ba ne, layi ya ƙara tsawo ya zubo. Kuma ba kowane samfuri ne ke ɗauke da haruffanmu masu ƙugiya ba. Ni yanzu kafin na fara aiki sai na buga ƙ ɗ ɓ da manyansu na gani ko sun zauna daidai da sauran. Noto Sans da Andika ba su taɓa ba ni kunya ba. Sai dai su ma dole su bi fayil ɗin: a Windows ki shiga File, Options, Save, akwai wurin da za ki ce a cusa haruffan cikin fayil. Sannan kullum ina ajiye kwafin PDF a gefe, shi ba ya sauya kama.

Ɗalibar Ajin Ƙarshe: Ni tawa matsalar daban ce. Na ƙi rubutu a guraben da shafi ke zuwa da su, na take da na bayani. Duk na goge su, na riƙa jawo akwatin rubutu ina ajiyewa inda na ga dama. Ranar da malamina ya ce na sauya fasalin shafukan, babu akwatin da ya bi sabon tsarin, sai da na gyara shafi 32 ɗaya bayan ɗaya cikin dare. Daga baya na gane abin da ke cikin irin wannan akwati ba ya ma fitowa a Outline, wato wurin da PowerPoint ke jera take da rubutun duk shafukan. Wata ƙawata mai lalurar gani ta ce manhajar da ke karanta mata allo da taken shafi take gane inda take. Tun ranar ban sake goge gurbin take ba.

Ɗan Ofis: Ƙari kaɗan. In kin kwafo rubutu daga Word, ki zaɓi liƙa rubutu zalla, in ba haka ba zai taho da launinsa da girmansa. A Google Slides Ctrl+Shift+V ne. Kuma a daina jera rubutu da maɓallin tazara. Tab na tura layi ciki, Shift+Enter na sauko da shi ba tare da sabon ɗigo ba.

Baba Mai Horarwa: 'Yata, ki duba wani abu kuma. PowerPoint yana matse rubutu da kansa in ya cika gurbi, mutum na ta bugawa bai lura haruffa na ƙanƙancewa ba. Na taɓa ganin wani dattijo a layin baya ya miƙe ya tako har gaban allo don ya karanta abin da na rubuta. Ya dame ni ƙwarai, domin dominsa na zo. Yanzu ba na sauka ƙasa da girma 24. In magana ta ƙi shiga, na raba ta shafi biyu, sauran na zuba a gurbin bayanin mai gabatarwa da ke ƙasa, wanda ni kaɗai ke gani. Ki kuma tambayi irin majigin tun da wuri: tun fitowar PowerPoint na 2013 shafi mai faɗi na 16:9 ake samu, tsofaffin majigi kuwa 4:3 ne, sai hoton ya tsuke, rubutu ya ƙara ƙanƙanta.

Malamar Sakandare: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na cusa haruffan, na buɗe fayil ɗin a kwamfutar maƙwabciyata, ƙ da ɗ sun fito lafiya. Baba, na duba shafukan nan biyu, ashe rubutun ya sauka har 14. Na raba su huɗu.