Tashar jirgin ƙasa ta Bajoga: wai Bature ne ya gina ta?

Ɗan Funakaye: Jama'a duk wanda ya kwana biyu bai bi ta tashar reluwe ta Bajoga ba kar ya je, zai yi baƙin ciki, ciyawa ta rufe layin dogo awaki ne ke kiwo a wurin. Bature ya gina mana abu mun kasa riƙewa.

Malamin Tarihi: Wane Bature kuma ɗan uwa? Layin nan daga Kuru kusa da Jos ya taso, ya iso Bauchi a 1961, bai kai Maiduguri ba sai 1964. Bajoga kuma tana gaba da Gombe, sai ka yi lissafi da kanka, mun riga mun samu 'yanci.

Ɗan Funakaye: Malam ai 1958 aka fara aikin, lokacin Robertson ne Gwamna Janar, wa ke da ƙasar?

Malamin Tarihi: Tafawa Balewa ya zama Firayim Minista tun 1957, kafin nan ma shi ne ministan sufuri, kuma kuɗin ba kyautar Ingila ba ce, bashi ne Bankin Duniya ya bayar a 1958 dala miliyan 28, Najeriya ce ta ci bashin. Amma mu komai ya tsufa sai mu ce na Turawa ne.

Hajiya Babba: Ku yara kuna ta wa ya gina, ni tambayata wa ya kashe? Da jirgi ya yi kuka garin gaba ɗaya sai ya motsa, 'yan talla na miƙa fura da dafaffen ƙwai ta taga, ana lodin auduga da gyaɗa, daga baya ga simintin Ashaka.

Direban Tirela: Boko Haram mana Hajiya, tunda wajen Buni Yadi ya rikice wa zai bi da jirgi ta can.

Hajiya Babba: A'a ɗana, jirgin ya daɗe yana jinya kafin su zo, ku masu tirela kuka kwashe masa kaya gwamnati kuma ta ƙi gyara.

Direban Tirela: Haba Hajiya, mai kaya ne fa ya gaji da jira ya nemo mu 😂

Ɗan Funakaye: Ni dai Malam ban sauka ba, wanda ya fara shi ne mai aiki. Kuma gyaran Fatakwal zuwa Maiduguri da Buhari ya ƙaddamar a 2021 fa, wa ya ga ma'aikata a Bajoga?