Masu jinyar da kamfani ya turo sun ninka wa Hajiyarmu magani, wa za mu kama?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin doka da ma'aikatan lafiya ku taimaka min da shawara. Mahaifiyarmu ta haura shekara 70, tana da ciwon suga da hawan jini, tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki bara ba ta iya tashi ita kaɗai. Mu 'ya'yanta duk muna zuwa aiki, ƙanwata kuma tana aure a Zariya, shi ne muka ɗauki wani kamfani a nan Kaduna da ke turo masu jinya gida, mutum biyu, ɗaya rana ɗaya dare. A tallarsu ƙarara suka rubuta ƙwararrun nas ne masu rajista, kuma kuɗin da muke biya duk wata ba kaɗan ba ne.

Talatar da ta wuce ta dare ta ba Hajiya maganin sugarta, glibenclamide, da sassafe kafin ta tafi, ita kuma ta rana da ta iso ba ta tambayi kowa ba ta ƙara ba ta wani, ga shi ko kunun kirki Hajiya ba ta sha ba. Wajen sha ɗaya sai ga ta tana ta zufa jiki na rawa tana magana ba kan gado, yarinyar na cewa wai barci take ji a bar ta ta huta. Allah ya sa ƙanena ya leƙo ya gwada sugan ya ga 42, muka kwashe ta sai asibiti aka kwantar da ita. Alhamdulillahi an sallamo mu, amma wallahi har yanzu ba ta koma yadda take ba.

Da muka je wajen manajan sai ya ce a yi haƙuri tsautsayi ne, sun ma kori yarinyar, kuɗin asibiti kuma ba sa biya. Abin da ya fi ƙona min rai, wai ai yaran nasu ba nas ba ne, masu kula da tsofaffi ne kawai. To ina za mu kai ƙara? Yarinyar za mu kama ko kamfanin?

Ɗan Rigasa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ni dai shawarata Anti a bar wa Allah, tunda ta tashi ai an gode masa, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kotu a ƙasar nan sai dai ku ƙarar da kuɗinku wajen lauya. Kuma gaskiya uwa ai 'ya'yanta ke jinyarta, ku raba kwana a tsakaninku kawai.

Sista Malali:
Malam Ɗan Rigasa, ɗaga mai shanyewar jiki da juya ta da lissafin magani biyar shida a rana aiki ne da sai an koya, ɗaukar mai taimako ba rashin son uwa ba ne.

Maman Sadiq sannu da ƙoƙari, ni nas ce. Abin da ya faru da Hajiya ba ƙaramin abu ba ne. Suga in ya sauka ƙasa da 70 an shiga haɗari, shi kuma glibenclamide yana daɗewa a jiki musamman ga tsoho da ƙodarsa ta fara rauni, shi ya sa ko an ba mutum abin zaƙi ya farfaɗo sugan kan sake faɗuwa, dole a riƙe shi a asibiti. Ki roƙi likitanta ya duba ko akwai maganin da ya fi dacewa da shekarunta, amma kar ku canza da kanku. Kuma kowa a gidan ya sani, in ta fara zufa da ruɗewa tana iya haɗiya a ba ta ruwan suga ko lemon kwalba nan take, in ta suma kar a ɗura mata komai a baki, asibiti kawai.

A wajena babban laifin na kamfanin ne. A asibiti ba nas ɗin da ke sauka daga aiki ba ta miƙa wa mai karɓarta bayani ba, kuma akwai takardar magani, kowace ƙwaya aka bayar sai an rubuta lokaci an sa hannu. Wanda ya tura mutum biyu gida ɗaya ba littafi ba ƙa'idar miƙa aiki, shi ya shirya wannan kuskuren, yarinyar dai a hannunta ya fashe. Sannan duk nas ta gaskiya tana da lambar rajista da lasisi daga hukumar nas da ungozoma ta ƙasa, NMCN, ana sabunta shi duk shekara 3. Waɗannan da ake kira okzilari, waɗanda suka koyi allura a asibitin kuɗi, hukumar ba ta san da su ba. Ki ce su kawo lasisin yaran biyu. In suna da shi hukumar na da kwamitin ladabtarwa, in ba su da shi kuma to kiran kai nas ba rajista laifi ne a doka.

Barista Kawo:
Maman Sadiq kafin komai ki ɗauki hoton tallar nan tasu yau ɗin nan, ta Facebook ce ko takarda, domin da zarar sun ji ƙamshin ƙara za su goge. Ki haɗa rasit na kuɗin wata, yarjejeniyar da kuka sa wa hannu, hirarku ta WhatsApp da manajan, kwalin maganin da ragowar ƙwayoyin, sannan ki nemi rahoton likita a rubuce da ya nuna abin da ya kawo ta da adadin sugan lokacin da aka karɓe ta. Wannan rahoton shi ne ƙashin bayan maganarku.

A doka, in ma'aikaci ya yi sakaci a cikin aikin da aka sa shi, wanda ya ɗauke shi aiki na ɗaukar alhaki, korar yarinyar ba ta wanke su ba. Da kamfanin kuka ƙulla, shi kuke biya. In ya ce shi dillali ne kawai ya haɗa ku da ita, sai a duba wa ke biyanta albashi, wa ke tsara mata lokaci, wa ya kore ta. Ai shi da bakinsa ya ce sun kore ta. Ki kuma bincika sunansu a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki ga ko suna da rajista ma.

Ba sai an fara da kotu ba. Lauya ya rubuta musu wasiƙa ya lissafa kuɗin asibiti da abin da kuke nema ya ba su wa'adi, da yawa a nan suke saukowa. In sun ƙi, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, da dokar 2018 ta kafa, tallar ƙarya na cikin abin da take bi kuma ana shigar da koke ta intanet. Ki aika kwafi ma'aikatar lafiya ta jiha, ki sa su buga miki hatimin karɓa a naki. Kar dai a ja lokaci, ƙara tana da wa'adi.

Malam Ɗan Rigasa, yarda da ƙaddara ba ta hana bin haƙƙi. Akwai hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, to shi ke da lamuni. In sun so su yafe bayan an tabbatar da haƙƙin wannan nasu ne.

Ɗan Rigasa:
Na ji Barista, ban ƙi ba. Tausayin yarinyar nake, irin waɗannan yaran abin da ake ba su a wata bai taka kara ya karya ba, kamfani ke cinye kuɗin. Kar a je a kulle 'yar talaka mai kamfani na yawo a mota.

Mai Famasi Barnawa:
Ƙari kan na Sista. Ku sayi ɗan akwatin nan na magani mai gida-gida na sati, safe rana dare, mutum ɗaya cikinku ya riƙa zubawa duk Lahadi, sauran kwalayen a kulle. In gidan safiyar Talata ba komai kowa ya san an sha. Ku kwaso duk magungunan ɗakinta ku kai wa likita ko mai famasi ya duba, ina yawan ganin tsoho na shan Daonil da glibenclamide tare alhali abu ɗaya ne suna ne ya bambanta. Haka diclofenac da ake saya a kemis saboda ciwon ƙafa, yana taɓa ƙoda yana tayar da hawan jini, masu jinya na bayarwa don tausayi ba wanda ya rubuta.

Maman Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Barista na ɗauki hoton tallar, tana nan ba su cire ba. Malam Ɗan Rigasa ni ma ba na son a taɓa yarinyar, ta kira ni tana kuka ta ce sati ɗaya aka koya musu aiki aka fara tura su gidaje, kuma ko gwada suga ba a nuna musu ba. Ta ce akwai wasu gidajen da yawa da suke zuwa a Unguwar Rimi da Tudun Wada, duk tsofaffi ne masu shan magani, wannan ne ya hana ni barci. Gobe yayanmu zai karɓo rahoton likita. Barista, in ta yarda ta rubuta abin da ta faɗa min, zai taimaka ko zai jawo mata matsala?

Barista Kawo:
Zai taimaka sosai, amma kar ki sa ta rubuta komai sai ta samu wanda zai ba ta shawara ita ma, tunda da hannunta a ciki. Ta je ofishin Legal Aid Council na nan Kaduna, marasa hali suke tsaya wa. Ke kuma ki rubuta ranar da ta kira ki da abin da ta ce tun kina tuna shi daidai, ki kai wa lauyanku tare da rahoton.